Waƙar Kano a wayar New Bell: dokar wace ƙasa ce ke aiki idan rigimar haƙƙin mallaka ta taso?

A unguwar New Bell da ke Duwala, sabon fim ɗin Hausa ko sabuwar waƙa ba sa kwana biyu da fitowa a Kano sai an same su a wayoyin jama'a. Wani ya kalla a YouTube, wani an turo masa a zauren WhatsApp, wanda ba shi da kuɗin data kuma ya je wurin masu turawa a loda masa a memori. Daga nan sai abin ya shiga sabon zagaye. 'Yan mata su hau waƙar a TikTok, mai shagon atamfa ya ɗora ta a kan bidiyon tallar kayansa, wani matashi ya yanko minti biyar daga fim ɗin ya sa a shafinsa na Facebook don ya tara mabiya.

Da wuya a samu wanda yake ɗaukar wannan a matsayin laifi. A da ma babu wanda ya damu, tunda babu kuɗi a ciki. Yanzu akwai. A watan Maris na 2023 shugaban Najeriya na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta wajabta wa masu shafukan intanet su sauke abin da aka sata idan mai shi ya kai ƙorafi, ta kuma bai wa hukumar NCC ikon toshe shafin da ke yaɗa kayan sata. A shekarar 2024 kuma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya buɗe wa masu shafuka a Najeriya da Ghana hanyar samun kuɗin talla daga bidiyonsu. Kamaru da Nijar ba sa cikin wannan sanarwa. Ma'ana, mai fim a Kano ya samu sabon dalilin bibiyar duk wanda ya ɗauki kayansa, alhali ɗan'uwansa na Duwala da ya ɗora kayan yana iya rasa shafinsa a kan abin da ko sisi bai samu ba.

Iyakar da harshe bai sani ba

New Bell unguwar baƙi ce tun asalinta. Jamusawa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, lokacin da suka yi niyyar kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri su mayar da su can baya. Turjiyar da aka yi wa wannan shiri ce ta kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agustan 1914. A zamanin Faransawa wurin ya cika da mutanen da suka zo neman abinci daga ko'ina, har sassan unguwar suka ɗauki sunayen mazauna cikinsu, ciki har da New-Bell Haoussa. Jikokin fataken da suka zauna a nan 'yan Kamaru ne, da yawansu da Faransanci suka yi karatu, amma kunnensu na Kano ne. Abin da ake kallo a Fagge shi ake kallo a nan, da Briqueterie ta Yawunde, da Garwa da Ngaundere.

Harshe bai san iyaka ba, amma doka ta san ta. Kamaru na cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris 1977 ta kafa, aka yi mata gyara a 1999, aka sake yi a Bamako a 2015. Ƙasashe 17 ne a cikinta, har da Nijar da Chadi da Benin da Togo da Gabon. Najeriya ba ta ciki. Ghana kuma tana wata ƙungiyar daban, ARIPO. Don haka Hausawan Kano da na Duwala da na Kumasi, masu sauraron waƙa ɗaya, suna ƙarƙashin tsari uku ne da ba su haɗa ofis ba.

A fannin waƙa da fim da rubutu, abin da ya rage wannan giɓi shi ne yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda Kamaru da Nijar da Najeriya duk suka shiga. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: ba a buƙatar rajista kafin aikin mutum ya samu kariya, kuma kowace ƙasa za ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan gida. To ke nan fim ɗin da aka ɗauka a Kano yana da kariya a Duwala a ƙarƙashin dokar Kamaru mai lamba 2000/011 ta ranar 19 ga Disamban 2000. Wannan doka ba ta wasa ba ce a kan takarda. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar sefa dubu 500 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga cikin biyun, ga wanda aka samu da satar fasaha.

Sai dai wane furodusa ne zai taso daga Kano, ya ɗauki lauya mai Faransanci, ya shigar da ƙara a Duwala a kan yaron da ke tura fina-finai a bakin kasuwa? Kuɗin mota kaɗai ya fi abin da zai karɓo. Shi ya sa dokar take nan kamar takobi a cikin kube.

Alƙalin da ke cikin waya

Wanda ke yanke hukunci a zahiri shi ne kamfanin da ke da shafin, kuma shi da dokar Amurka yake aiki, wato dokar DMCA ta 1998. Tsarinta shi ne kamfani ba zai ɗauki alhakin abin da mutane suka ɗora ba, matuƙar yana saukewa da zarar mai haƙƙi ya kai ƙorafi. Saboda haka kamfani ya fi son ya sauke da wuri, a yi bayani daga baya.

A YouTube hanyoyi biyu ne, kuma mutane na yawan rikita su. Ta farko ita ce Content ID. Mai haƙƙi yana ajiye samfurin waƙarsa ko fim ɗinsa a rumbun kamfanin, na'ura kuma ta riƙa gwada duk sabon bidiyo da wannan samfuri. In ta ga sun yi daidai, mai haƙƙin ne zai zaɓa: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi kuɗin tallar su riƙa zuwa aljihunsa, ko ya zuba ido kawai. Wannan ba ya kashe tasha. Hanya ta biyu ita ce ƙorafin saukewa kai tsaye, wanda ke jawo wa tasha gargaɗi. Gargaɗi yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, idan kuma uku suka taru ana iya rufe tashar ɗungurungum, da bidiyonta da mabiyanta.

Wanda aka zalunta yana da damar mayar da martani, amma a nan gizo ke saƙar. Takardar martanin tana buƙatar mutum ya ba da cikakken sunansa da adireshinsa, waɗanda za a miƙa wa mai ƙorafin, ya kuma amince cewa kotun tarayya ta Amurka na da hurumin sauraron shari'ar. Mai ƙorafi yana da kwanakin aiki 10 ya nuna ya garzaya kotu, in bai yi ba a mayar da bidiyon. A tunanin mutumin Kalifoniya wannan adalci ne. Ga tela a New Bell da aka sauke masa bidiyon bikin ƙanwarsa saboda waƙar da ake ji a bayan fage, jin kalmar kotun Amurka kaɗai ya isa ya sa ya haƙura.

Babbar matsalar ma ba ita ce wannan ba. Na'urar ba ta san wanda ya yi waƙa ba, wanda ya fara ajiye ta kawai ta sani. Kuma ba kowa ake bai wa damar shiga Content ID ba, galibi sai manyan kamfanoni da dillalan rarraba waƙa. Idan mawaƙin biki a Duwala ya rera waƙa, aka ɗauka da waya, ta zagaya WhatsApp, wani mai wayo a wata ƙasa ya kai ta wurin dillali da sunansa, to ranar da mai waƙar zai ɗora abarsa shi na'ura za ta kama a matsayin ɓarawo. Dokar Kamaru na tare da shi ɗari bisa ɗari, amma hujjar da zai nuna cewa shi ya riga kowa fa?

WhatsApp kuwa wata duniya ce. Saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, babu na'urar da ke duba su. Haka tura fim daga waya zuwa waya ta Xender, wanda ko intanet ba ya buƙata. A nan ne mafi yawan kallon yake, kuma daga nan ko ƙwandala ba ta komawa ga masu aikin.

Duwala ta san wannan ciwo

Babu birnin da ya kamata a koya wa zafin satar waƙa kamar Duwala. Manu Dibango, haifaffen birnin, ya fitar da Soul Makossa a 1972, a bayan faifan da aka yi don gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a shekarar. Bayan shekara goma sai ga amshinta a cikin wata waƙa ta kundin Thriller na Michael Jackson, ba tare da izini ba. An sasanta a wajen kotu. A 2007 Rihanna ta sake amfani da wannan amshi da izinin ɓangaren Jackson, Dibango ya koma kotu a Paris a 2009, amma a wannan karon aka yi watsi da buƙatarsa. Kafin shi, André-Marie Tala ya yi shari'a da James Brown a kan waƙarsa Hot Koki, ya kuma yi nasara bayan shekaru ana fafatawa. A 2010, waƙar gasar cin kofin duniya da Shakira ta rera ta tayar da ƙura saboda an gina ta a kan Zangalewa, wadda ƙungiyar Golden Sounds ta fitar a 1986. Ita ma sasantawa aka yi.

Abin lura a duk waɗannan shi ne kowannensu yana da faifai mai ɗauke da suna da shekara. Da shi aka je gaban lauyoyi. Mawaƙin yau da ya saki waƙa a WhatsApp ba shi da ko wannan.

Ƙungiyoyin da aka kafa don karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu daga gidajen rediyo da mashaya da otal-otal ma ba su ba da ƙwarin gwiwa ba. An kafa CMC a 2003, Dibango ya shugabance ta da farko. A 2008 ministar al'adu Ama Tutu Muna ta janye mata lasisi, aka kafa SOCAM, aka yi ta shari'a. A 2013 aka soke zaɓen Ndedi Eyango a shugabancin SOCAM bisa dalilin yana da takardar zama ɗan Amurka. A 2017 aka zo da SONACAM ƙarƙashin Sam Fan Thomas. Ƙungiya uku a cikin shekara 14. A Najeriya ma an daɗe ana irin wannan ja-in-ja tsakanin COSON da MCSN. Mawaƙin Hausa da ake jin waƙarsa a ƙasashe huɗu ko biyar ya fi kowa buƙatar ƙungiyoyin da ke magana da juna, amma kowacce tana fama da rikicin cikin gida.

Mai dokar barci

Gaskiya ɗaya da ba a cika son faɗa ba ita ce Kannywood ba ta shigo wannan muhawara da hannu mai tsabta ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar ta girma ne a kan kaset da faifan CD da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke rarrabawa, fatake kuma su tsallaka da su Kamaru da Nijar da Ghana. Wayar hannu da masu turawa suka kashe wannan kasuwa, furodusoshi suka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashar Arewa24, irin su Izzar So da Labarina. Kukansu a kan satar fasaha kuka ne na gaskiya, domin kowane kallo da aka yi a tashar ɓarawo kuɗi ne da ya kuɓuce wa waɗanda suka biya 'yan wasa da masu ɗaukar hoto.

Amma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun daɗe da nuna yadda aka riƙa aro labari da karin waƙa daga fina-finan Indiya. Ga kuma fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, waɗanda ke da ɗimbin masoya a New Bell kamar yadda suke da su a Kano. A doka, fassara ko sauya aikin wani tana buƙatar izinin mai shi, ko da an zuba basira a cikin fassarar. Kamfanonin Mumbai kuwa suna cikin waɗanda suka fi kowa ajiye kayansu a Content ID. Tsarin da mai fim ɗin Kano ke so ya kare shi daga yaron Duwala, shi ne dai zai kama shi idan kiɗan da ke cikin fim ɗinsa na aro ne.

Su ma masu TikTok sun ɗanɗana. A watan Fabrairun 2024 kamfanin Universal Music ya janye waƙoƙinsa daga manhajar saboda saɓani a kan kuɗi, bidiyoyi masu ɗimbin yawa suka koma bebaye har sai da aka shirya a watan Mayu. Wanda ya gina shafinsa a kan muryar wani, ranar da masu muryar suka ɓata shi zai kwana ciki.

Na gado da na sadaka

Akwai kaya iri biyu da Bahaushe ke ganin na kowa ne, doka kuma ba ta gan su haka ba. Na farko waƙoƙin magabata. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. A dokar Najeriya kariyar waƙa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato har ƙarshen 2069. A Kamaru shekara 50 ce, wato ƙarshen 2049. Ko ta wace ƙasa aka duba, waƙoƙinsa suna da magada, ban da haƙƙin kamfanonin faifai da gidajen rediyon da suka naɗi muryarsa. Tashoshin da ke ɗora su suna karɓar kuɗin talla, nawa ne a cikinsu suka nemi iyalinsa?

Abin da ba a san mai shi ba kuma, kamar waƙoƙin daka da na gaɗa da tatsuniyoyi, dokar Kamaru ta 2000 ta ce dukiyar al'adun ƙasa ce. Amfani da shi a gida ba laifi, amma cin kasuwa da shi sai da izinin ma'aikatar al'adu da biyan kuɗi. Najeriya ma ta ɗora wa NCC kula da irin wannan. To waƙar gaɗar da kaka ta zo da ita daga Katsina, jikarta ta rera a Duwala, ɗan Maraɗi ya sa mata kiɗa, dukiyar wace ƙasa ce? Dokokin an rubuta su ne da tunanin kowace al'ada tana da ƙasa ɗaya.

Na biyu karatun malamai. Yarjejeniyar Bern ta ambaci huɗuba da lacca a cikin ayyukan da ake karewa. Mafi yawan malamai suna son a yaɗa karatunsu kyauta, sadaka ce mai gudana, kuma mai haƙƙi yana da ikon ya yafe. Sai dai yafe wa mai sauraro daban, yafe wa mai tara kuɗin talla daban. Ya fi muni idan aka yanko rabin magana aka sa mata kanun da malamin bai faɗa ba. A nan mutum ya fita daga batun haƙƙin mallaka ya shiga wani tarkon, domin dokar Kamaru ta ranar 21 ga Disamban 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba.

Sunan kaya

'Yan kasuwa su ne suka fi kowa zama cikin haɗari ba tare da sun sani ba, saboda tambarin kaya ba kamar waƙa ba ne. Shi sai da rajista, kuma a tsarin OAPI wanda ya riga kai takarda shi ne mai suna. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, ana kuma sabunta ta. Matar da ke haɗa turaren wuta ko humra a New Bell, ta yi shekaru tana tallata sunan kayanta a Instagram da WhatsApp, mabiyanta dubbai ba su ba ta mallakar sunan ba. Haka ɗan kasuwar Kano da ya yi rajista a Abuja, takardarsa ba ta tsallaka iyaka. Idan wani ya riga shi rajistar sunan a Yawunde, kayansa na asali ne za su iya zama na jabu a kasuwar Duwala.

Akwai misalan da ke nuna tsarin yana amfani idan an bi shi. Barkonon Penja, da ake nomawa ba nisa da Duwala, ya samu rajistar asalin yanki a OAPI a 2013, Tarayyar Turai ma ta amince da shi a 2022. Nijar ta bi wannan hanya ta kare sunan kilishinta da albasar Galmi. Manoma da mahauta ne suka haɗa kai a ƙungiyance kafin a kai ga haka, ba mutum ɗaya ba.

Ga mawaƙi ko mai barkwanci a unguwannin Hausawan Duwala, abin da ke hannunsa bai wuce abubuwa kaɗan ba, kuma ba masu tsada ba ne. Ya fara ɗora aikinsa a tasharsa kafin ya sake shi a WhatsApp, don kwanan wata ya zama shaida. Ya adana ainihin fayil ɗin sutudiyo. Ya rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, da mai kiɗa da mai ɗaukar hoto da wanda ya ba da kuɗi, domin rigimar da ta fi yawa ba da baƙo ake yin ta ba, da abokin aiki ce bayan waƙa ta karɓu. Wanda kuma ke son ɗora fim ɗin Kano, tura wa mutane adireshin tashar masu fim ɗin ba ya jawo gargaɗi, sake ɗora shi ne ke jawowa.

A matakin gwamnatoci, shugabannin Tarayyar Afirka sun amince da ƙa'idar haƙƙin mallakar fasaha ta yankin ciniki maras shinge na nahiyar a taronsu na Addis Ababa a watan Fabrairun 2023. Najeriya da Kamaru da Nijar da Ghana duk suna cikin wannan yanki, kuma wannan ƙa'ida za ta iya zama inuwar da za ta haɗa ƙasashen OAPI da na ARIPO da Najeriya wuri guda. Ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 22 sun tabbatar da ita a hukumance.